Fumfuna a Silin Bakin Rufi: Nazarin Wani Gida da Aka Saya a Kaduna Cikin Hunturu

Gidan da mai sayensa

Gidan yana wata unguwa kudu da Kogin Kaduna. Ginin bulo ne marar bene, ɗaki huɗu da falo biyu, ya kai shekara 12 da ginawa lokacin da aka sa shi a kasuwa. An rufa shi da dogon kwanon aluminiyom mai gangara ta fuska huɗu, sai wani ɓangare da ya fito ta gabas ya rufe baranda. Inda rufin barandar ya haɗu da babban rufi akwai kwari biyu, wato magudanar da ruwan ɓangarorin biyu ke taruwa ya gangaro.

Kwanon ya zarce bango da kusan santimita 60 ta kowace fuska. Ƙarƙashin wannan zarcewar an rufe shi da silin irin na siminti, wanda mutane ke kira asbesto, aka shafa masa farin fenti. Shi kafintoci ke ce wa silin waje. A bakinsa akwai katakon fuska, fasiya ke nan, wanda ya zagaye gidan. Cikin ɗakuna kuwa silin POP ne. A silin wajen an bar ƙananan ƙofofin iska guda huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kowace santimita 20 ta kowane gefe, an sa musu raga. Ta arewa akwai babbar bishiyar mangwaro, rassanta sun kwanto a kan rufin.

Mai sayen ma'aikacin gwamnati ne da ya kusa ritaya, yana da mata da 'ya'ya biyar, autarsu tana da shekara 7. Kuɗin da ya daɗe yana tarawa ya haɗa da na wani fili da ya sayar. Abokin yayana ne, ni kuma aikina duba gine-gine, amma ban shiga maganar ba sai a damina ta biyu. Abin da ya faru kafin nan na tattaro shi ne daga bakinsa da kuma hotunan da matarsa ta riƙa ɗauka a waya, waɗanda kowanne ke ɗauke da kwanan watansa.

Fabrairu zuwa Maris, shekara ta farko: dubawa da biya

Sau uku ya je ganin gidan, duka a Fabrairu, iskar hunturu na kaɗawa. Ya duba ɗakuna, ya buɗe famfuna, ya leƙa rijiya, ya ƙwanƙwasa tayil. Takardu ya fi ba wa ƙarfi: ya je KADGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye a jihar, ya tabbatar sunan mai sayarwa ne a kan takardar mallaka, kuma ba a jinginar da gidan ba. Wannan ya ɗauke shi mako uku.

A zuwa na biyu ne matarsa ta ɗaga kai a baranda ta lura da abu biyu. Fentin silin waje sabo ne fes, alhali na bangon ya koɗe. Sannan a kusurwar gabas, ta ƙarƙashin sabon fentin, akwai wata inuwa toka-toka mai faɗin faranti. Ta nuna wa dillali. Ya ce, "Hajiya, ƙurar hunturu ce, ruwan farko zai wanke ta." Ta ɗauki hoto ta bar maganar. Babu wanda ya hau tsani, babu wanda ya buɗe ƙofar silin da ke lungun ɗakuna ya leƙa cikin rufi. An biya a makon farko na Maris, suka tare a ƙarshen watan.

Yuni zuwa Agusta: tabon ya bayyana

Ruwa ya sauka a ƙarshen Afrilu. Hoton farko da ya nuna baƙi sosai na 18 ga Yuni ne, a waccan kusurwa ta gabas. Zuwa farkon Agusta tabon ya bayyana a wuri uku, kuma kamanninsa ba ɗaya ba.

Ta gabas, a ƙarƙashin ɗaya daga cikin kwarin rufin, baƙi ne ƙirin mai kauri, tsawonsa kusan mita ɗaya da rabi, kewaye da zobe ruwan ƙasa kamar inda shayi ya zube a takarda ya bushe. Fentin wurin ya kumbura yana ɓarewa. Daga nan wani siririn layi baƙi ya bi bakin fasiya har ƙarshen fuskar gabas.

Ta yamma, daidai saitin banɗakin babban ɗaki, ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe da suka taru kewaye da ƙofar iska, suna raguwa yayin da ake nisa da ita. Babu zobe, fenti bai tashi ba.

Ta arewa, ƙarƙashin mangwaron, silin ɗin gaba ɗaya ya yi dusu-dusu, toka da kore a gauraye, daga wannan kusurwa zuwa waccan, babu inda ya fi wani.

Fuskar kudu fari tas.

Tsakiyar Agusta: gwaji na farko, wanki da fenti

Maigidan ya kira mai fenti. Ya wanke wuraren uku da bilic ɗin Hypo da ruwa, baƙin ya dusashe nan take, washegari ya shafa fentin ruwa hannu biyu. Aikin kwana biyu ne, kuma an yi ruwa a daren da ke tsakani.

Hoton 22 ga Satumba ya nuna gabas ta koma yadda take, har ta ƙara faɗi. Yamma ta fara ɗigo-ɗigo. Arewa ce kawai ta jima da haske. Ruwa ya ɗauke a tsakiyar Oktoba, iska ta juya, tabon ya tsaya cak, ya koma toka-toka, ya daina yaɗuwa. Mutanen gidan suka ɗauka ya mutu.

Janairu, shekara ta biyu: gwaji na biyu, silin roba

Wani maƙwabci ya ba da shawarar a sa silin roba, PVC, tun da shi ba ya shan ruwa kuma goge shi kawai ake yi. Don rage kuɗi ba a cire tsohon silin ba, a kansa aka buga sabon. Ƙofofin iska huɗun nan duk aka rufe su, saboda maigidan ya ce jemagu da ɓeraye na shiga ta inda ragar ta yage. Fasiya kuma aka shafa mata fentin mai, mai sheƙi, ba tare da an kankare tsohon ba. Gidan ya yi kyau ƙwarai, har baƙi suna tambayar wanda ya yi aikin.

Yuli: matsalar ta shigo ɗaki

Mayu da Yuni sun wuce babu tabo ko ɗaya a waje. A makon farko na Yuli robar da ke kusurwar gabas ta yi ciki, ta saki ƙasa, ruwa baƙi-baƙi na ɗiga ta mahaɗarta har awa biyu bayan an ɗauke ruwan sama. Ɗakin yara, wanda ke jikin wannan kusurwa, ya fara warin rima irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Kayan da ke cikin kwaba suka ɗauki warin. A ranar 19 ga wata wani tabo rawaya ya fito a silin POP na ɗakin. Autar gidan, wadda dama tana da asma, ta riƙa tari da dare fiye da yadda ta saba, aka kai ta asibiti sau biyu cikin wata guda, aka mayar da shimfiɗarta ɗakin uwarta.

Gwaji na uku aka yi a nan. Wani mai gyaran rufi ya hau, ya bi kan ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya da kwalta, ya manna faci a wuri shida da ya ce kwanon ya huje. Bai shiga cikin rufin ba. Ruwan da aka yi bayan kwana uku ya ɗiga kamar ba a taɓa komai ba.

Agusta: bincike

Na je gidan ranar 9 ga Agusta da wani dattijon kafinta da muka daɗe muna aiki tare. Kayanmu tsani, tocila, sukudireba, tef na awo, da ƙaramar na'urar auna danshin katako mai allura biyu. Da gangan muka zaɓi ranar da hadari ya haɗu.

Kafin mu taɓa komai, matar gidan ta nuna mana hotunan bara. Dattijon ya daɗe yana kallon guda uku, na gabas da na yamma da na arewa, sannan ya miƙa wa maigidan wayar. "Alhaji, wannan ba ciwo ɗaya ba ne. Uku ne. Wannan ruwan sama ne, wannan tururi ne, wannan kuma inuwa."

"To Baba, ai duk baƙi ne," in ji maigidan.

"Baƙi ne, amma kowanne da hanyar da ya biyo. Bari mu buɗe ka gani."

Ita fumfuna ƙwayoyinta suna yawo a iska kullum, a kowane gida. Abincinta ma ba ya yankewa: ƙura, katako, takardar jikin silin, har fentin kansa. Abin da take jira shi ne danshi. Wurin da ya jiƙe ya kwana ɗaya zuwa biyu bai bushe ba, ta samu wurin zama. A Kaduna ruwan shekara yakan haura milimita 1,000, kusan dukansa tsakanin Afrilu da Oktoba, kuma a tsakiyar marka danshin iska yakan wuce kashi 80 cikin 100. A hunturu yakan faɗo ƙasa da 30. A wannan bushewar fumfuna takan kwanta, ta daina girma, ta jira. Wanda ya duba gida a Fabrairu yana ganinsa ne a lokacin da ya fi kowane lokaci rufin asiri.

*Gabas.* Muka ɓalle robar mita biyu. Ruwan da ya kwanta a kanta ya zubo mana a hannu, ya kai rabin bokiti. Tsohon silin da ke bayanta ya yi baƙi gaba da baya, ya yi laushi. Katakon da ke riƙe da shi, sukudireba ta shige shi kusan santimita biyu ba tare da na danna da ƙarfi ba. Na'ura ta nuna danshi kashi 29 zuwa 31. Katako mai lafiya a ƙarƙashin rufi a irin wannan wata yakan tsaya wajen 15 ko 16, kuma daga 20 zuwa sama ne ruɓewa ke samun hanya. Wutsiyar rafta uku, wato ƙarshen katakan da ke ɗauke da kwano, ta ruɓe. A jikin ɗaya akwai hanyar gara, wadda ita ma danshi take bi.

Sai aka kece da ruwa, muka shiga cikin rufin ta ƙofar silin. A nan muka ga abin da ido. Kwanon kwarin siriri ne, faɗinsa duka bai wuce santimita 25 ba, gefunansa kuma ba a naɗe su sama ba. Ganyen mangwaro da ƙurar hunturu ta shekaru sun zama laka a ƙasansa, sun toshe fiye da rabi. Minti biyar na farko babu abin da ya faru. Da ruwan ya yi ƙarfi, sai ga shi yana tsallake gefen kwarin kamar labule, yana sauka kan katako, yana bin gangarar rafta a hankali har bakin rufi, ya taru a kan silin waje. Wani ya bi saman bango ya shiga POP na ɗakin yara. Kwanon rufin kansa, inda aka bi da kwalta, babu ɗigo ko ɗaya.

Lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Rufin da ke zuba cikin wannan kwarin ya kai murabba'in mita 50. In aka yi ruwan milimita 30 cikin rabin awa, lita 1,500 ke nan za su bi ta hanyar da ba ta fi tafin hannu biyu ba, rabinta kuma a toshe. Yayyafi ba ya nuna laifin, sai ruwa mai ƙarfi, shi ya sa mai gyaran da ya hau da rana tsaka bai ga komai ba.

Siririn layin da ya bi bakin fasiya kuwa nasa dalilin daban. A wannan fuskar an yanke kwanon daidai da katakon, bai zarce shi ba. Ruwa in ya zo bakin kwano yakan lanƙwaso ya bi ƙarƙashinsa, ya jiƙa fasiya, ya gangara silin. A sauran fuskokin kwanon ya zarce da santimita biyar, ruwan na faɗuwa ƙasa kai tsaye. Ga shi kuma gabas ce: hadarinmu daga can yake tasowa, iskarsa na jifan bango da ruwa a karkace. Maginan ƙasa na dā sun san haka, shi ya sa bangon gabas suka fi ba wa kulawa wajen yaɓe.

*Yamma.* A nan katako ya nuna 22 zuwa 24, bai ruɓe ba amma ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, har ƙusoshi sun yi tsatsa. Babu alamar ruwan sama. A silin banɗakin babban ɗaki akwai fankar zuƙe iska, kuma da muka duba bayanta babu bututu. Tururin wankan ruwan zafi, safe da dare, cikin rufi take hura shi. Da dare kwanon aluminiyom kan yi sanyi da sauri, tururin ya taɓa shi ya zama raɓa, ta ɗigo. Na dawo da asuba washegari na shafa ƙarƙashin kwanon a saitin banɗakin, tafina ya jiƙe sharkaf, alhali ba a yi ruwa ba a daren. A bara tururin na fita ta ƙofar iskar da ke kusa, shi ya sa ɗigon ya taru a kewayenta. Da aka rufe ƙofar, sai ya rasa mafita ya bazu cikin rufin.

Akwai ƙari. Bututun da ke fitar da iskar sokawe ya hau jikin bango ya tsaya santimita 20 ƙasa da silin waje, bai huda rufi ya wuce sama ba. Dare da rana yana hura iska mai ɗumi da danshi a jikin silin.

*Arewa.* Muka ɓalle roba a wuri biyu. Katako 16, lafiya lau, bayan tsohon silin fari. Abin da ya fito bara a fuska kawai ya tsaya: fumfuna da gansakuka da suka samu ƙura da inuwa. Mangwaron ya hana rana da iska isa wurin, raɓar safe takan kai azahar ba ta bushe ba. Wannan ne kaɗai cikin ukun da wanki ya dace da shi, kuma shi ne ya fi daɗewa da haske bayan wankin bara.

*Iskar cikin rufi.* Faɗin silin gidan duka murabba'in mita 180 ne. Ƙa'idar ginin gidaje ta Amurka, wadda masu duba gini da yawa ke aro a matsayin ma'auni, ta nemi ƙofofin iska su kai kashi 1 cikin 150 na faɗin silin, wato murabba'in mita 1.2 a wannan gida. Ƙofofi huɗun asali duka-duka 0.16 ne. Tun Janairu kuma sifiri.

Agusta zuwa Disamba: gyara

An raba aikin biyu, na gaggawa da na rani.

A cikin mako guda aka kwashe lakar kwarin biyu, buhu ɗaya da rabi. Aka cire robar da tsohon silin gaba ɗaya ta gabas da yamma, aka bar wurin a buɗe da raga kawai don katako ya sha iska. Wajen cire tsohon silin mun ɗauka yana da asbesto na gaske, domin tsofaffin irinsa da yawa suna da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙurarsa na haddasa kansa. Aka jiƙa shi, aka zare ƙusoshi, aka sauke shi falle-falle ba a fasa ba, masu aikin da abin rufe hanci, yara kuma aka kai su gidan kakarsu. Fankar banɗaki aka kashe ta, aka koma buɗe taga. Aka sare rassan mangwaro har ya zama akwai tazarar mita biyu tsakaninsa da rufi. Maigidan ya so a tumɓuke bishiyar gaba ɗaya, matarsa ta ƙi, dattijon ya goyi bayanta: inuwarta na da amfani a bazara, rassan da suka kwanta a kwano ne kawai matsala.

An riƙa auna katakon gabas duk mako biyu. Ƙarshen Agusta 26. Ƙarshen Satumba 21. Ƙarshen Oktoba 15. Ƙarshen Nuwamba 10. Maigidan ya matsa a rufe tun Satumba saboda gidan ya yi muni, ƙasusuwan rufi a waje kowa na gani. Ba a rufe ba.

Babban aikin a Disamba aka yi shi, kwana tara. Aka ɗaga kwanon da ke gefen kwarin biyu, aka sa sabon kwari mai faɗin santimita 60, gefuna a naɗe sama, kowane falle na sama ya hau kan na ƙasa da santimita 20. Har kwarin da bai nuna matsala ba aka canza, don awonsu ɗaya. Aka yanke wutsiyar rafta ukun har inda katako ya yi ƙarfi, aka haɗa sabo da kusoshin ƙarfe masu noti, aka shafe da Solignum saboda gara. Fasiyar gabas aka canza ta dukanta, domin fentin man ya kulle danshi a cikinta ta ruɓe daga ciki. A bakin kwanon gabas aka cusa wani siririn kwano da aka lanƙwasa, ya zarce fasiya ya zama leɓen da ruwa ke ɗiga daga gare shi.

Fankar banɗaki aka haɗa mata bututu ya huda bango ya fita waje, nesa da kowace ƙofar iska. Bututun sokawe aka ƙara masa tsawo ya wuce saman rufi. Katakon da ya yi ɗigo amma bai ruɓe ba aka goge shi da burushi da ruwan sabulu, aka bi da ruwan bilic, kofi ɗaya cikin lita huɗu na ruwa, ba a haɗa shi da wani maganin wanki ba domin haɗin na iya tayar da iska mai guba. POP na ɗakin yara aka yanke inda ya jiƙe aka sake zubawa.

Sannan aka mayar da silin roba, shi kaɗai, babu komai a bayansa. Aka yanka masa ƙofofin iska 24, kowace santimita 15 da 30, shida a kowace fuska, da ragar ƙarfe mai ƙananan ido da ɓera ba ya iya ci. Kusa da tsororuwar rufi aka buɗe wasu biyu masu marfi a karkace, don iska mai zafi ta samu mafita ta sama yayin da sabuwa ke shiga ta ƙasa.

Damina ta uku: sakamako

Na koma sau uku. A Yuni katakon gabas 14, na yamma 14. A ranar 20 ga Agusta, bayan kwana huɗu ana marka, gabas 16, yamma 15, arewa 16. Na shiga rufin ana ruwa mai ƙarfi, kwarin na ɗauke da ruwansa a tsakiya, gefuna a bushe. A Oktoba babu tabo ta gabas ko yamma. Ta arewa wani ɗan dusu-dusu ya fito a jikin robar, aka goge da tsumma da sabulu cikin rabin awa. Warin ɗakin yara ya tafi tun Disamba. Yarinyar ta koma ɗakinta a Janairu, tana ci gaba da maganinta na asma, kuma a wannan daminar ba a kai ta asibiti da dare ba.

Kuɗin gyaran Disamba ya kusa ninka huɗu na abin da aka kashe a gwaji ukun farko a haɗe. Fiye da rabinsa ya tafi ne kan katakon da ya ruɓe da POP.

Hukunci

Gwaji na farko ya gaza ne saboda ya yi maganin launi. Bilic na kashe abin da ke fuska, ya kuma dusashe baƙin, amma ba ya taɓa ruwan da ke zuwa daga baya, kuma fentin da aka shafa a kan jiƙaƙƙen silin a tsakiyar Agusta abinci ne sabo. Na uku ya gaza saboda an nemi yoyon daga sama, inda ba a iya ganinsa.

Na biyu ne ya yi ɓarna ta gaske. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tabon nan, duk muninsa, shi ne kaɗai bakin da rufin ke magana da shi. Robar ta toshe bakin, ta riƙe ruwan kamar kwarya, ta rufe ƙofofin iska, ta ba ruɓewa rabin damina tana aiki a ɓoye. A ganina, da an gyara kwarin a ranin farko, da wutsiyar rafta ɗaya za a canza, ruwa kuma da bai kai ɗakin yara ba. Silin roba ba shi da laifi, shi ne a gidan har yau. Laifin a buga shi kan abin da ba a bincika ba.

Maganar lafiyar yarinyar, ina taka-tsantsan da ita. Tana da asma tun kafin su tare. Amma jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 kan danshi da fumfuna a cikin gidaje ta danganta su da tsanantar asma da tari, kuma tarin ya ƙaru daidai lokacin da danshi ya shiga ɗakinta. Wannan ya isa dalilin fitar da ita daga ɗakin, kuma uwarta ta yi daidai da ba ta jira kowa ba.

Ban ɗora wa maigidan laifin sakaci ba. Ya yi abin da kowa ke gargaɗi a kai, ya tsare kansa daga rikicin takardu, wanda ya fi fumfuna cin mutane. Amma alamun na nan a Fabrairu, kuma matarsa ta gan su: sabon fenti a wuri ɗaya tak, da inuwa a ƙarƙashin kwari. Ɗigon bilic ɗaya a kan inuwar zai raba gardama da dillali, domin fumfuna takan dusashe cikin minti ɗaya ko biyu, ƙura kuwa tana nan yadda take. Rabin awa a cikin rufi da tocila zai nuna sauran, ko a hunturu: sawun ruwa a jikin rafta ba ya gogewa, tsatsar ƙusa ba ta ɓuya, fanka marar bututu a fili take, sukudireba kuma takan shige ruɓaɓɓen katako ko ya bushe.

Da an ga haka ma, ba zan ce a fasa sayen ba. Ginin da kansa mai kyau ne, bango da harsashi babu tsaga. Abin da ya kamata shi ne a kira kafinta ya yi ƙiyasin gyaran kwari da fasiya, a cire daga farashi, ko a riƙe wani kaso na kuɗin har a ga ruwan Yuni. Cikin tabo ukun, na arewa bai kai a yi ciniki a kansa ba, na yamma aikin falamba ne na yini guda, na gabas shi ne wanda ya cancanci a zauna da mai sayarwa a sake magana.

Yanzu maigidan na hawa tsani sau biyu a shekara, ƙarshen Maris kafin ruwan farko da kuma tsakiyar Yuli, ya share kwarin biyu. A hawansa na Maris ɗin da ya wuce ya kwaso rabin bokiti na ganye da ƙura.